Muryar kakanka ce kake korar tsuntsaye da ita

Yau ba labarin dariya na kawo ba. Faɗa na zo yi. Da kai zan yi shi, ko da maƙwabcinka, ko da ɗanka. Ni ma ban fita ba, za ka ji nawa laifin a gaba.

A kakar da ta wuce, ranar kasuwa, na bi ta gefen wata gonar dawa. Sai na hangi wani abu yana walƙiya a rana. An ja shi daga kara zuwa kara, ya kewaye gonar, iska tana kaɗa shi. Da na matso, sai na ga zaren kaset ne. Ga yaro nan zaune a inuwa yana tsaron tsuntsaye. Na ce: "Kai yaro, ina ka samo wannan?" Ya ce: "Malam, cikin buhun tsoho. Baba ya ce ba su da sauran amfani." Na ce: "Guda nawa ka warware?" Ya ce sun fi goma. Na duba ƙasa, ga kwanson kaset-kaset a zube, wasu an taka. Na ɗauki ɗaya, na juya gaba da baya. Ba a rubuta komai a kai ba.

Na san tsohon nan. Shi ne mutum na farko da ya sayi rakoda a garinsu, wadda wasu ke ce wa manyeto. Ba suna, ba ɗaurin aure, ba naɗin mai gari da zai wuce bai ɗauka ba. Yakan zaunar da tsofaffi su faɗi yadda aka sari garin, wa ya gina rijiyar farko, daga ina kowane gida ya taso. Ya rasu shekara biyu da suka wuce. Duk waɗanda ya ɗauka su ma sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage daga bakinsu, shi ne na gani rataye a gonar dawa.

Ban ce dabarar ba ta aiki ba. Tana aiki, tsuntsu na tsoron abu mai walƙiya. Amma tsohuwar leda na korar tsuntsu. Gwangwani da tsakuwa na korar tsuntsu. Ihun yaro ma na kora. Sai muryar kakanka ce ka ga ta dace?

Na je na sami uban yaron. Mutumin kirki ne, yana zuwa karatu. Ya ce: "Malam, kai ma ka sani, zamanin kaset ya wuce. Yanzu salula ake yi. Kati ɗaya kamar farce ya ɗauke abin da buhu bai ɗauka ba."

To, bari mu duba maganarshi, don na san da yawa cikinku haka kuke cewa. Rabinta gaskiya ce. Kaset ya tsufa. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963. Mutumin da ya shugabanci aikin, Lou Ottens, ya mutu a 2021 yana da shekara 94. Salula ta fi rakoda sauƙin ɗauka, ba ta cin pil, ba ta tauna zare. Ni ma ina da salula, da ita nake jin labarai. Wanda zai ɗauki magana yau, ba zan ce mishi ya nemi kaset ba.

Amma ga tambaya. Cikin katin nan naka mai kamar farce, akwai muryar ubanka? Akwai ranar sunanka? Akwai karatun limamin garinku da ya rasu? Babu. Abin da ke ciki, shi ne abin da mai shago ya zuba maka, kuma shi ne ya zuba wa mutum dubu. Waƙar Mamman Shata, da ya rasu a 1999, ko ta Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, in ka ɓatar da kaset ɗinta za ka same ta a kasuwa gobe. Amma kaset ɗin da aka ɗauka a zauren gidanku guda ɗaya ne a duniya duka. Ba shi a Yamai, ba shi a Kano, ba shi a Faransa. In ya tafi, ya tafi. Wanda ya zubar da shi don ya sayi salula, kamar wanda ya fasa tulu ne don ya ga hadari ya haɗo.

Yanzu ga nawa labarin.

Babanmu ɗan biɗa ne. Da an gama kaka sai ya kama hanyar Abijan, wani lokaci ya shekara biyu bai dawo ba. Bai iya rubutu ba. Inna ma ba ta iya karatu ba. In ya sa an rubuta mishi wasiƙa, sai an nemi ɗan lakwal ya karanta, asirin gida ya fita waje. Don haka sai ya riƙa sayen kaset. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi magana, ya ba wanda zai zo gida. Ku da kuka manyanta kun san wannan. Haka ƴan biɗa suka yi daga Abijan, da Kumasi, da Libiya, da Makka. Ranar da kaset ya iso, a aro rakoda, a sayi pil, a taru bayan isha'i. Ya gai da kowa da sunanshi, har jaki yakan tambaya.

Da Allah ya yi mishi rasuwa, kaset uku suka rage mana.

Na farko, wana ne ya kashe shi. Yana son ya ɗauki wasan kokowa da ake sawa a rediyo, ba shi da sabon kaset. Ya ɗauki wanda ya samu, ya danna jan maɓalli. Rakoda ba ta da hankali. In ka danna jan nan, tana shafe tsohuwar magana kafin ta rubuta sabuwa. Minti 30 na maganar Baba suka tafi, aka bar mu da ihun ƴan kallo.

Na biyu, ni ne. Ina saurayi, na sa shi cikin wata rakoda da ta shekara ba a share ta ba. Muna cikin ji sai murya ta fara rawa, ta yi kamar mai magana cikin ruwa. Maimakon in tsayar, sai na tsaya kallo. Da na buɗe, zare ya naɗe a ciki. Haushi ya kama ni, na fizga. Na ji ya tsinke. Inna tana zaune. Ba ta ce mini komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Na uku, Inna ta ɗauke shi a daren nan. Ta naɗe shi da ƙyalle, ta sa cikin kwalla mai murfi, ta ɗora can saman jere. Ba ta taɓa zuwa lakwal ba, amma duk abin da masana ke cewa a yi, shi ta yi: ba rana, ba ƙura, ba ruwa, ba hannun yara.

Bayan shekaru, rigima ta tashi a kan gonarmu ta fadama. Ƙanen babanmu ne ke noma ta, shi ma ya rasu. Ɗiyanshi suka ce gadonsu ce, ai tun suna yara ita suke nomawa. Ba ƙarya suke yi ba, iyakar abin da suka sani ke nan. Ba takarda, shaidu sun mutu. Sai Inna ta sauko da kwalla. Aka je zauren mai gari, aka sa kaset. Bayan gaisuwa, sai ga Baba yana cewa a gaya wa ƙanenshi ya ci gaba da noman fadama, aro ne, in yara sun girma ya mayar musu. Tsofaffin da ke wurin duk sun gane muryar. Wani ya fara hawaye. Aka raba maganar cikin zumunci, har yau muna cin tuwon juna. Ban ce kaset ya zama takardar gona ba. Ka nemi takarda, ita ce hukuma ta sani. Amma ranar nan, ba don ƙyallen Inna ba, da gida ɗaya ya rabu biyu.

Saura ku masu cewa: "Mu ba mu zubar ba, muna ajiye da namu." Da ku ma ina da faɗa, watakila ma ya fi zafi. A ina kuka ajiye? Na shiga gidaje na gani. Wani cikin buhu a ƙasa, gara na cin takardar. Wani a kan taga, rana na dukanshi tun hantsi. Wani a ƙarƙashin rufin kwano, inda ko mutum ba ya iya zama a bazara. Wani a kan babbar lasifika. Wannan ba ajiya ba ce. Kisa ne a hankali. Mai gonar dawa ya kashe nashi rana ɗaya, ku kuna kashe naku cikin shekara goma. Bambancin ke nan.

Don ka gane dalili, sai ka san mene ne zaren nan. Leda ce siririya, faɗinta bai kai milimita 4 ba. An shafa mata wani gari mai laushi, ɗan'uwan tsatsar ƙarfe, shi ya sa take da launin ƙasa-ƙasa. Magana a cikin garin nan take kwance. Da ƙarfin maganaɗisu aka rubuta ta, irin mayen ƙarfen da yara ke jan ƙusa da shi. Zaren yana wucewa a gaban wani ɗan ƙarfe mai santsi da ake kira kai, santimita 4,76 kowane sakan. Kan shi ne ke karanta abin da aka rubuta. Kaset mai lamba 60 yana ɗaukar minti 30 kowane gefe, zarenshi ya kusa mita 90. Mai lamba 90 yana ɗaukar minti 45 kowane gefe, zarenshi wajen mita 130 ne. Duk cikin kwanso ɗaya suke shiga, saboda haka mai tsawo ya fi siranta. Mai lamba 120 ya fi duka siranta, shi rakoda ta fi taunawa. In kana da irinshi, ka lallaɓa shi kamar jariri.

In ka riƙe wannan, sauran duk a fili yake. Leda ce, don haka zafi na lanƙwasa ta, kuma kun san bazararmu, zafi yakan wuce digiri 40. Gari ne aka manna, don haka laima na sa shi ya saki, ko ya yi fumfuna. Da maganaɗisu aka rubuta, don haka wani maganaɗisun na iya ɓata rubutun, kuma a bayan kowace lasifika akwai babba. Ƙurar hunturu kuwa yashi ce. In ta shiga tsakanin zare da kai, tana kankare su duka biyu, kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Wurin ajiya, ka nemi ɗakin ƙasa, wanda ya fi sanyi a gidan. Ka sa kowane kaset cikin gidanshi na roba in yana da shi. Ka jera su a tsaye kamar littattafai, kada ka ɗora wani kan wani. Ka sa su cikin kwalla ko akwati mai murfi, ka ɗora sama. Na ce sama, don ba mu manta damanar 2024 ba. Ruwa ya rushe gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Abin da ke ƙasa shi ruwa ke fara ci. In kuwa naka ya jiƙe, kada ka yanke ƙauna ka jefar. Kada ka shanya shi a rana, kada ka sa shi a rakoda da danshi. Ka bar shi a inuwa inda iska ke wucewa, ya bushe sarai.

Abu na farko da za ka yi yau, ba ya cin ko dala. Ɗauki kaset ka duba gefenshi na sama, wanda ba zare. Akwai ƴan kunnuwa biyu na roba, ɗaya a kowane lungu. Ka karya su da tsinke. In an karya su, jan maɓalli ba ya dannuwa, ba wanda zai iya shafe maganar. Da mun san wannan, da wana bai yi abin da ya yi ba.

Mu zo ga rakoda, don ita ce kurar da ke cin akuya in an bar ta da yunwa. Buɗe ƙofarta ka leƙa da tocila. A tsakiya za ka ga kan nan mai santsi. Kusa da shi akwai wani tsinken ƙarfe mai juyawa, da ƴar tayar roba baƙa. Su biyun nan ke matse zare suna jan shi. Duk kaset ɗin da ya wuce yana barin ɗan garinshi a kansu. In garin ya taru a kai, murya ta dushe, kamar mai magana da bargo a baki. In ya taru a taya, zare ya manne mata, ya naɗe. Abin da ya ci kaset ɗina na biyu ke nan. Ba aljani ba ne, dauɗa ce.

Maganinta yana farmasi: alkol mai ƙarfi, irin wanda likita ke goge fata da shi kafin allura. Ka naɗa ƴar auduga a tsinke, ka jiƙa kaɗan, kada ya riƙa ɗiga. Ka goge kai a hankali. Ka goge tsinken ƙarfe. Za ka ga audugar ta yi ja. Ka sake wata, har ta fito fara. Ita tayar roba, ka goge ta da auduga mai ɗan danshin ruwa mai tsabta, kana juya ta da yatsa, don alkol kullum yana busar da roba. Sai ka bar ƙofa buɗe minti 5, komai ya bushe. A ƙasarmu mai ƙura, ka yi haka duk lokacin da za ka sa kaset mai daraja. In ka gama, ka rufe rakoda da zane.

Na ga abubuwan da mutane ke yi, wallahi sai ka riƙe baki. Na ga mai kankare kai da wuƙa. Kan nan in ya sami zane ɗaya, duk kaset ɗin da ya bi ta kai sai ya yanke shi. Na ga mai gogewa da yawu da bakin riga. Na ga mai fesa turare, wai ai shi ma akwai alkol ciki. Akwai, amma akwai mai, kuma mai shi ne abokin gaban zare. Na ga wanda rakodarshi ta yi nauyi, ya ɗiga mata man gyaɗa. Rakoda ba amalanke ba ce! In mai ya taɓa taya ko igiyar roba, sai su riƙa sulɓi, gyara ya zama ɓarna.

In murya ta yi kauri tana jan jiki, mace ta koma namiji, pil ne ya yi sanyi. Ka tsayar nan da nan. Rakoda mai raunin pil ba ta naɗe zare da ƙarfi, nan take fara taunawa. In ka gama ji, ka cire pil. Wanda aka bari ciki wata da watanni yakan fashe, ruwanshi ya cinye ƙarfe. Na tarar da rakoda da yawa da ba abin da ya kashe su sai wannan.

Ku masu batirin sola, ku saurara da kyau, ga lissafi irin wanda muke yi a aji. Kowane pil bolt 1,5 ne. Rakoda mai cin pil 4, bolt 6 take so. Mai cin pil 6, bolt 9 take so. Babban batirin sola ko na mota bolt 12 ne. In ka haɗa waya kai tsaye, ka ba ta abin da ya fi ƙarfinta, sai ka ji ƙauri. Ka tambayi mai gyara ya haɗa maka abin rage wuta.

In kana jin inji na kuka amma kaset ba ya juyawa, igiyar roba ce ta ciki ta saki, ko ta narke ta zama kamar kwalta. Haka roba take in ta tsufa, ko ba a yi aiki da ita ba. Wannan aikin mai gyara ne. Amma ka tsaya a kanshi. Akwai masu sa robar ɗaure kuɗi su karɓi kuɗinka. Za ta juya kwana biyu, murya na rawa, sannan ta tsinke. Ka ce ya nemo igiya daidai da ta da, ko ya ciro daga wata matacciyar rakoda.

A nan ne nake son ka ji tsoro kaɗan. Masu gyaran nan suna ƙarewa. Je kasuwar garinku ka ƙirga. Inda da akwai masu gyaran rediyo biyar, yanzu nawa suka rage? Yaransu duk sun koma gyaran salula. Ba mu kaɗai ba ne. A 2019 hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar masu ajiyar murya ta duniya, sun yi gargaɗi. Sun ce injunan karanta zare da kayan gyaransu suna ƙarewa, wanda bai juye nashi da wuri ba zai rasa inda zai juye. Shekarar da suka ambata ita ce 2025. Ana ƙera sabbin rakoda kaɗan har yanzu, amma mafi yawansu ba su kai na da ƙwari ba. Ma'ana, zaren zai iya fin injin tsawon rai. Kana iya wayar gari da muryar ubanka lafiya lau cikin kwalla, amma ba abin da zai buɗe mata baki. Saboda haka wanda ke da rakoda mai rai a gari, ya san dukiyar gari ce ke hannunshi. Kada ya ba yara su kwance ta don su ciri injin su yi fanka.

Ranar da za ka sa tsohon kaset, kada ka yi gaggawa. Fara gwada rakoda da wani kaset da ba ka damu da shi ba. In za ta ci, ta ci wannan. Sannan ka duba naka ta ƴar tagar tsakiya. In ka ga fari-fari kamar auduga a jikin zare, fumfuna ce. Kada ka sa shi, zai shafa wa inji, inji ya shafa wa sauran. Ka ware shi gefe, kada ka shaƙa. In ba fumfuna, ka duba ƙasa inda zare ya fito. A bayan zaren, tsakiya, akwai wata ƴar katifa ƙarama da ke danna shi a jikin kai. In ta faɗi, murya ba za ta fito sosai ba, sai an manna wata. Sai ka zura bik cikin rami ɗaya ka juya. Bik ɗin da kake rubutu da shi, mai kusurwa shida, kamar don wannan aka yi shi. In yana juyawa da sauƙi, madalla. In ya cije, kada ka tilasta. Yawancin kaset na da ƴan ƙusoshi 5 da ake kwancewa. Mai gyara, ko kai in hannunka ba ya rawa, sai a ciro zaren da ƙafafunshi biyu a mayar cikin wani kwanso mai lafiya.

In kana cikin ji murya ta fara rawa, ka tsayar a take. Ka buɗe a hankali. Ka zaro zaren da tsinke, kaɗan kaɗan, sannan ka mayar da shi da bik. Wurin da ya yamutse zai ɗan yi ƙara, amma maganar na nan. Kada ka fizga. Ni na fizga. In ma ya tsinke, ba a jefarwa. A daidaita bakin biyu, a manna ɗan ƙaramin sikoc ta baya, gefen da ba ya taɓa kai, a yanke abin da ya fito gefe. Kada a ɗaure shi ƙulli, kada a manna da jan farce. Kalma biyu ko uku za ka rasa, ba minti 30 ba. Wannan ma ban san shi ba a lokacin, shara ta tafi da nawa.

Wata tsohuwa a ajinmu ta ce mini: "Ɗana, mene ne amfanin tada muryar wanda ya tafi? Sai dai ta tada kuka." Na ce: "Inna, gaskiyarki. In ba ki iya ji, kada ki ji, ba wanda zai tilasta miki. Amma jikanki da aka sa wa sunanshi bai taɓa jin muryarshi ba. Ki bar mishi, shi ya zaɓa." Ta yi shiru. Bayan sati guda ta zo da kaset biyu a bakin zane.

Mu ma malaman karatu muna da laifi. A makarantar horon malamai an koya mana cewa magana iska ce, rubutu ne ke zama. Muka zo muna maimaita muku, har wasu suka ɗauka duk abin da ba a takarda yake ba banza ne. Ba haka ba ne. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a ƙasar nan, ma'aikatanta na yawo ƙauyuka da injin ɗaukar magana, suna ɗaukar ra'ayin manoma ana sawa a rediyo. A 1968 aka buɗe cibiya a Yamai don tattara tarihin baka. Masu ilimi ne suka yi wannan, don sun san abin da ke bakin tsofaffi. Takarda na riƙe kalma. Ba ta riƙe dariyar mutum, ko yadda yake jan sunanka, ko carar zakaran gidan da ya yi magana.

Amma ga inda biyun ke haɗuwa, kuma nan ne aikinka, kai da ka koyi rubutu bana ko bara. Ka tuna kwanson da na ɗauka a gonar dawa? Ba rubutu a kai. Da an rubuta "Tarihin gari, bakin Wane", ina tsammanin uban yaron da bai miƙa shi ba. Kaset marar suna maraya ne, kowa na iya taka shi. To, ka saurari naka, ka rubuta a jikinshi: wa ke magana, a wane gari, wace shekara in ka sani, a kan me. Ko rubutunka na karkace, rubuta. Ka ba kowane kaset lamba, ka sami kaye guda ka jera lambobin da bayaninsu. In kana son aikin da zai gyara hannunka, ka sa kaset, ka ji jimla ɗaya, ka tsayar, ka rubuta ta. Ba shiftar da ta fi wannan. A ajinmu mun gwada da labarin rijiyar garin. Mutanen da ke barci in ina karanta musu littafi, ranar nan har gardama suka yi a kan inda za a sa aya.

Sannan ka juye shi cikin salula. Ka ga, ban ƙi salula ba, aiki nake nema mata. Ka jira dare ya yi, gari ya yi shiru. Ka share rakoda, ka sa sabon pil. Ka rufe layin salula don kada kira ya katse ka. Ka ajiye ta kamar taƙi ɗaya daga lasifika, kada ka ƙure ƙara. Ka danna wurin ɗaukar murya, ka fara faɗin lambar kaset da sunan mai magana da bakinka, sannan ka kunna. In a birni akwai mai kwamfuta da ke juyewa da waya, nashi ya fi fita tsab. Amma ka zauna a yi a gabanka, ka koma da kaset ɗinka a aljihu. Kada ka bari a ce ka dawo jibi.

In ka juye, ka tura wa ƴan'uwa uku ta WhatsApp, wanda ke Yamai, da wanda ke Kano, da wanda ke Agadas. Kuma kada ka ce tunda an juye sai a ba yaro ya kai gona. Salula na faɗawa rijiya. Ana sace ta a kasuwa. Katin memori ba ya ciwo, mutuwar farat ɗaya yake yi, jiya yana da komai, yau ya ce babu komai. Kaset ɗin Baba ya haura shekara 25 yana magana. Ni kuwa salula ta huɗu ke hannuna. Ka mayar da shi cikin kwalla.

Shi uban yaron nan, na koma wurinshi da rakodata da kwalbar alkol. Kaset 23 suka rage a buhun. Mun karya kunnuwansu duka. Huɗu sun yi fumfuna, mun ware su. Mun ji shida zuwa yanzu, shi ke rubuta sunayen da hannunshi. A na biyar ya ji muryar uwarshi tana guɗa ranar sunan ƙanenshi, sai ya ce in tsayar, ya fita waje ya daɗe. Sauran 13 muna jiran ya sayi pil ranar kasuwa.